Bakteriya Masu Lalata Giyar Tuffa a Ƙasashen Turai

Gabatarwa

Duk lokacin da aka ambaci bakteriya, abin da yake fara zuwa zukatan yawancinmu shi ne cuta, irin su kwalara da taifod da tarin fuka. To amma aikin waɗannan halittu bai tsaya ga jikin ɗan Adam kawai ba. Su ne suke sa madara ta zama nono, su ne kuma suke sa kunun zaƙin da aka dama da safe ya yi tsami kafin la'asar. Ƙanana ne ainun, domin in aka jera dubu ɗaya daga cikinsu da ƙyar za su wuce milimita ɗaya ko biyu, saboda haka ba a ganinsu sai da madubin likita.

A wannan maƙala zan yi bayani ne a kan bakteriyan da suke lalata giyar tuffa, wadda Turawan Ingila suke kira "saida", Faransawa kuma "sidir". Na san hukuncin giya ba ɓoyayye ba ne a wurin Musulmi, kuma ba koyar da dafa ta na zo yi ba. Abin da ya sa na zaɓe ta shi ne, masana sun fi shekara ɗari suna nazarin yadda take lalacewa, har sun san kowace ƙwaya da sunanta da irin ɓarnar da take yi. Waɗannan ƙwayoyi kuwa, su ne dai ko danginsu suke aiki cikin ruwan khal da nono da ruwan 'ya'yan itatuwa na kwali da muke saye a shago.

Yadda ake samar da ita

Manyan wuraren wannan sana'a su ne yankunan Somaset da Debon da Hiyafod a yammacin Ingila, da Nomandi da Biritani a arewa maso yammacin Faransa, sai Asturiyas da ƙasar Baskawa a arewacin Sifen. A Ingila har ta taɓa zama wani ɓangare na ladan ƙwadago, manomi ya biya ɗan ƙodago da kuɗi ya cika masa da ita, sai da doka ta hana haka a 1887. A Asturiyas kuwa, hukumar UNESCO ta sanya al'adar yin ta cikin jerin al'adun duniya da ake tattali a 2024.

Da kaka ake tara tuffa, a niƙa, a matse ruwan, a zuba a ganga. Ruwan yana ɗauke da sukari wajen kashi 10 cikin ɗari ko fiye. Daga nan sai yis, irin wanda masu burodi suke amfani da danginsa, ya shiga cinye sukarin yana mayar da shi barasa da iskar kabon. Ana ɗaukar makonni ko watanni ana wannan tsimuwa, a ƙarshe a samu abin sha mai barasa kashi 4 zuwa 8 cikin ɗari. Sai dai ba yis kaɗai ke cikin gangar ba. Akwai bakteriya da suka shigo tun daga ɓawon tuffa, da ƙasar gonar, da injin matsa, da jikin katakon gangar kanta. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Tsagar bangon a nan guda uku ce: ƙarancin tsami, da shigar iska, da ragowar sukari.

Tsami shi ne katanga

A 1903 aka kafa cibiyar binciken 'ya'yan itatuwa da giyar tuffa a Long Ashton kusa da birnin Biristol, ta yi aiki shekara ɗari cif kafin a rufe ta a 2003. Ɗaya daga cikin shugabanninta na farko, B. T. P. Barker, shi ne ya kasa tuffa gida huɗu bisa la'akari da abu biyu: yawan asid mai sa tsami, da yawan tanin mai sa bauri. Wannan tanin irin sinadarin nan ne da yake cikin bagaruwa wanda majema suke jeme fata da shi. Akwai tuffa mai zaƙi zalla, da mai tsami, da mai zaƙi da bauri, da mai tsami da bauri.

Masana suna auna tsami da wani ma'auni da ake kira pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14. Ruwan sha yana tsakiya, wato 7. Duk yadda lamba ta yi ƙasa, tsamin ya fi yawa, kuma tazarar lamba ɗaya tana nufin ninki goma. Ruwan tuffa yakan faɗo tsakanin 3 da 4 da 'yan kai. Binciken Long Ashton ya nuna cewa iyakar tana wajen 3.8. Ƙasa da haka yawancin bakteriya masu ɓarna ba su jin daɗin zama, sama da haka kuwa an buɗe musu ƙofa.

A nan ne matsalar masu sana'ar take. Tuffa mai zaƙi da bauri, irin su Dabinett da Yarlington Mill, ita ce aka fi so saboda ɗanɗanonta, amma ita ce mafi ƙarancin tsami, ruwanta yakan kai 4 ko ya wuce. Don haka tilas a gauraya ta da mai tsami irin Bramley ko Foxwhelp, ko kuma a ƙara mata asid, kafin a saki jiki da ita.

Masu mayar da ita khal

Rukuni na farko, kuma wanda aka fi sani, shi ne na Acetobacter da Gluconobacter. Waɗannan ba su iya aiki sai da iskar oksijin. Gluconobacter ta fi son sukari, don haka an fi samunta a ruɓaɓɓiyar tuffa da sabon ruwan da aka matse. Acetobacter kuwa barasa take nema. Takan ɗauki barasar ta haɗa da iska, ta mayar da ita wani sinadari mai suna asitaldihaid, daga nan ta mayar da shi asid asitik, wanda shi ne ainihin tsamin khal. Alamar farko ita ce wani wari mai hawa kai irin na ruwan goge jan farce, sannan tsami mai yankan maƙogwaro ya biyo baya. In abin ya daɗe, sai wata fata mai santsi ta kwanta a saman ruwan, wadda ake kira uwar khal.

Muddin yis yana kan aiki, iskar kabon da yake fitarwa takan lulluɓe saman ruwan ta hana oksijin sauka. Haɗarin yana farawa ne bayan yis ya gama. Gangar da aka ɗiba aka bar ta rabi, ko wadda murfinta bai rufu da kyau ba, ta zama gonar Acetobacter. Ƙananan ƙudajen nan da muke gani suna bin ruɓaɓɓen mangwaro su ma suna ɗauko ƙwayoyin a ƙafafunsu daga wannan mazubi zuwa wancan. Da zarar khal ya samu kuwa, ba a iya mayar da shi baya.

Masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, shi ne ya tabbatar a shekarun 1860 cewa halitta mai rai ce take wannan aiki, ya kuma wallafa bincikensa a kan khal a 1868. Abin lura a nan shi ne, abincin wani gubar wani. Abin da mai giya yake kira asara, shi ne jarin mai khal. Khal ɗin tuffa da ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci da manyan kantuna a ƙasar nan, ta wannan hanya ake samar da shi: a tsima ruwan tuffa, sannan a buɗe wa Acetobacter iska da gangan har ta cinye barasar, a samu khal mai asid wajen kashi 5 cikin ɗari.

Dangin masu yin nono

Rukuni na biyu shi ne na bakteriya masu samar da asid laktik, wato dangin waɗanda suke sa nono tsami. Su ba su buƙatar iska, saboda haka rufe ganga ba ya hana su. Kuma ba kullum ne suke ɓarna ba. Asid ɗin da yake cikin tuffa sunansa asid malik, yana da kaifi ƙwarai. Wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyi, musamman Oenococcus oeni, sukan mayar da shi asid laktik mai sauƙin tsami, abin shan ya yi laushi a baki. Masu sana'ar gargajiya suna maraba da wannan. Amma fa duk tsamin da ya ragu, katanga ce ta ƙara gajarta. In aka yi sake, sai 'yan uwansu su shigo da ɓarna iri uku.

Ta farko ita ce yauƙi. Wasu nau'o'in Lactobacillus da Pediococcus sukan ɗauki sukari su saƙa shi ya zama dogayen zaruruwa da ido ba ya gani. In aka tsiyaya ruwan sai a ga yana zuba shiru kamar mai, yana jan zare kamar miyar kuɓewa. Ɗanɗanon bai cika canzawa ba, amma wa zai sayi abin sha mai yauƙi? A ƙasar Baskawa, inda ake zuba ta a kwalba ba tare da an dafa ko an tace ba, wannan na daga cikin matsalolin da suka fi damun masu sana'ar, kuma masana sun gano Pediococcus parvulus cikin masu haddasa ta. Wannan ɓarna tana da ɗan magani: a kaɗa ruwan da ƙarfi har zaruruwan su tsittsinke, kamar yadda maburgi yake tsinka yauƙin miya, sannan a kashe ƙwayoyin.

Ta biyu ita ce warin ɓera, kuma a ganina ita ce mafi ban mamaki. Wasu Lactobacillus, tare da wani yis na daji mai suna Brettanomyces, sukan samar da wasu sinadarai masu wari irin na akurkin da ɓeraye suka daɗe a ciki. In ka shinshina kofin ba za ka ji komai ba, domin tsamin ruwan yana riƙe sinadaran, ba ya barinsu su tashi. Sai an kurɓa an haɗiye, yawun baki ya rage tsamin, bayan 'yan daƙiƙoƙi warin ya taso ta bayan hanci ya zauna. Tun da yawun mutane ya bambanta, wani zai ji abin ya dame shi, wani kuwa ba zai ji komai ba. Ke nan mai sana'a zai iya sayar da gurɓatacciyar haja alhali shi kansa bai sani ba. Masu ɗanɗanawa sukan kurkure baki da ruwan bakin soda, ko su shafa ɗigo a bayan hannu su bari ya bushe su shinshina. Wannan ɓarna ba ta da magani, sai zubarwa.

Ta uku ita ce ɗaci. Yayin da yis yake aiki yakan samar da ɗan gilisarol, wato gilisarin ɗin nan da ake shafawa a fata lokacin hunturu. Wata ƙwaya mai suna Lactobacillus collinoides, wadda Carr da Davies suka fara bayyanawa a 1972 daga ruwan tuffa mai tsimuwa, takan farfasa gilisarol ɗin zuwa wani sinadari da yake rikiɗa ya zama akrolin. Akrolin shi ne abin da yake sa ido hawaye in mai ya ƙone a kasko. In ya haɗu da tanin sai a samu ɗaci mai tsanani. Mutanen Nomandi sun fi kowa tsoron wannan, domin suna dafa giyar su tace tururinta su samar da barasa mai ƙarfi da ake kira Calvados, akrolin kuwa yakan bi tururin ya ɓata ta da yaji. Ga ɗalibin da zai nemi ƙarin bayani, a 2020 masana sun raba zuriyar Lactobacillus zuwa gida 25, wannan ƙwaya ta koma Secundilactobacillus collinoides, sai dai tsohon sunan ne yake cikin yawancin littattafai.

Ciwon giyar tuffa

Rukuni na uku ƙwaya ɗaya ce tak, Zymomonas mobilis. Tun a 1912 Barker da Hillier suka rubuta bayanin wata ɓarna da manoman Ingila suke kira ciwon giyar tuffa. Daga baya Nancy Millis, 'yar ƙasar Ostareliya da ta yi digirinta na uku a Jami'ar Biristol, ta ware ƙwayar ta yi nazarinta, ta wallafa sakamakon a 1956.

Zymomonas bakteriya ce amma tana aiki irin na yis, wato tana cin sukari ta fitar da barasa da iskar kabon, kuma da sauri. Tare da haka tana fitar da asitaldihaid mai yawa. Shi ne yake sa ruwan ya riƙa wani ƙamshi kamar na ɓawon ayaba ko ruɓaɓɓen lemo, sannan ya haɗu da tanin ruwan ya yi fari dusu-dusu kamar an ɗiga madara. Zaƙin da baurin duk su gudu, a bar lami. Iskar da take taruwa kuwa takan kai ga fasa kwalba. Abin yakan tashi ne in sanyi ya wuce gari ya fara ɗumi.

Wannan ciwo giya mai zaƙi yake kamawa. Faransawa suna da wata dabara ta rage wa ruwan tuffa sinadaran da yis yake rayuwa da su tun kafin a fara, don yis ɗin ya gaji ya tsaya da sauran sukari. Haka suke samun abin sha mai zaƙi na asali, amma wannan ragowar sukari ita ce abincin Zymomonas, ga shi kuma tuffar tasu ba ta cika tsami ba. Maganin da ake sa wa sauran ƙwayoyi bai cika yi mata komai ba. Abin da yake tsayar da ita shi ne tsami ya sauka ƙasa da 3.7, ko a bar yis ya cinye sukarin ƙaf. Mu a nan ba baƙuwa ba ce, domin tana cikin manyan ƙwayoyin da suke tsima bammi a kudancin ƙasar nan, tana cikin masu sa shi kumfa. A Meziko ma ita ce take aiki a wani abin sha nasu mai suna pulke. A can ma'aikaciya ce, a Nomandi kuwa ɓarauniya.

Ruwan tuffa da ba a tsima ba

A Amurka, kalmar "saida" tana nufin ɗanyen ruwan tuffa ne marar barasa, wanda har yara suke sha. An daɗe ana zaton tsaminsa ya isa ya kashe ƙwayoyin cuta. A 1991 aka samu ɓarkewar cuta a jihar Masacuset daga irin wannan ruwa, sanadin ƙwayar E. coli O157:H7, wadda take zaune a hanjin shanu kuma take jure tsami. A 1996 abin ya sake faruwa a yammacin Amurka da Kanada, sama da mutum 60 suka kwanta, wata yarinya 'yar wata 16 ta rasu. Hanyar da ƙwayar ta fi bi ita ce tuffar da ta faɗo ƙasa ta taɓa kashin dabbobi. Wannan ya sa hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta kafa doka a 2001 cewa dole kamfanonin ruwan 'ya'yan itatuwa su bi hanyar da za ta rage ƙwayoyin cuta ninki 100,000. Yawanci ana yin haka ne da ɗumama ruwan zuwa wajen digiri 71 na 'yan daƙiƙoƙi.

Ko dafawar ma akwai mai tsallake ta. A 1982 aka samu ruwan tuffa na kwali ya lalace da yawa a Jamus duk da an dafa shi. Bincike ya gano wata ƙwayar ƙasa da yanzu ake kira Alicyclobacillus acidoterrestris, mai son tsami da zafi, wadda take shiga wani ƙoƙo ta kwanta har wuta ta wuce. Ba ta kumbura kwali, ba a kuma san ta da sa ciwo ba, amma takan sa ruwan ya riƙa wari kamar maganin asibiti.

Rigakafi

Matakan da masu sana'ar suke ɗauka ba su da yawa. Na farko, a tsince ruɓaɓɓiyar tuffa a wanke sauran, domin wake ɗaya ke ɓata gari. Ruɓaɓɓiyar tuffa takan zo da bakteriya, takan kuma zo da wata guba mai suna fatulin da fumfuna take samarwa, wadda Tarayyar Turai ta ƙayyade kada ta wuce maikirogiram 50 a kilo ɗaya na ruwan tuffa. Na biyu, a auna tsami a gyara shi tun ranar matsa. Na uku, a cika ganga har baki a toshe. Na huɗu, a ajiye a wuri mai sanyi, a kuma wanke injin da mazubai bayan kowane aiki.

Na biyar shi ne farar wuta. Mutanen da sukan ƙona ta a cikin ganga kafin su zuba ruwa, yanzu kuwa ana sa ta ne a matsayin hoda ko ƙwaya. Ita ma ƙarfinta ya rataya ne ga tsami. A ma'aunin 3.0, kimanin kashi 6 cikin ɗari na abin da aka zuba ne yake aikin kashe ƙwayoyi, a 3.8 kuwa kashi 1 kacal. Tun da doka a Ingila ba ta yarda a wuce miligiram 200 a lita ba, ruwan da ya wuce 3.8 ba yadda za a yi a kare shi da farar wuta ita kaɗai. Manyan kamfanoni sukan ƙara da tacewa da ɗumamawa kafin su rufe kwalba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mai karatu zai ga cewa kowace ƙwaya da ƙofar da take bi: Acetobacter iska take jira, Zymomonas sukari, dangin Lactobacillus kuwa raguwar tsami. Wanda ya san ƙofar ya san inda zai sa sakata. Wannan ilimi yana da amfani ga mai zoɓo da mai kunun aya da mai fura da nono, waɗanda asarar kwana ɗaya takan cinye musu ribar mako. Zoɓo yana da tsami, shi ya sa ya fi kunun aya jure zafin rana, kuma robar da aka sake amfani da ita ba a wanke da kyau ba daidai take da tsohuwar gangar manomin Somaset. Kira na ga 'yan uwana ɗalibai shi ne, masu nazarin harshe su haɗa kai da masu nazarin kimiyya a samar wa waɗannan abubuwa tsayayyun sunaye na Hausa, domin mai sayar da kunu a bakin tasha ta fi kowa buƙatar wannan bayani, kuma da Hausa za ta fahimce shi.